YARO MATSAKAICI DA JARRABAWAR SHIGA KARATUN INJINIYA: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

Maƙasudin wannan takarda

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da Dagatai da magatakardansu na ƙasashen Maiyama da Jega da Aliero, cikin masarautar Gwandu, musamman waɗanda ke riƙe da garuruwan karkara irin su Sarandosa. Abin da ta ƙunsa shi ne bayanin yadda yaro mai matsakaicin ƙoƙari, watau wanda ba ya cikin na gaba a aji, ba ya kuma cikin na baya, zai yi shirin jarrabawar shiga karatun injiniya har ya samu gurbi.

Dalilin da ya sa aka keɓe yaro matsakaici kuwa, shi ne ya fi yawa a kowace makaranta, shi ne kuma aka fi saurin fid da rai a kansa. Haziƙi malamai na sane da shi, kowa na yi masa hanya. Amma matsakaici, da ya ambaci aikin injiniya sai a ce masa wannan karatu na masu kaifin ƙwaƙwalwa ne, ya nemi wani abu. Wannan magana kuwa kuskure ce. Galibin abin da ke ka da irin wannan yaro abu uku ne: rashin fara shiri da wuri, da rashin lokacin karatu a gida, da kurakurai cikin takardunsa. Duka ukun nan suna hannun manyan gari, su ne ke da ikon gyara su.

Bukatar ƙasa

Ba sai an yi dogon bayani a kan amfanin injiniya ga wannan yanki ba. Injin ban ruwa da ke fadamun shinkafa da gonakin albasa na Aliero, da rijiyoyin burtsatse, da gadoji da kwalbatoci na hanyar da ta bi ta Jega ta nufi Yauri, da wayoyin lantarki, da masana'antun casar shinkafa na Birnin Kebbi da Argungu, duk aikin injiniyoyi ne. Garin da ba shi da ɗansa a wannan fanni, kullum sai ya jira baƙo ya zo ya gyara masa.

A da, wanda ya ke son wannan karatu sai ya yi tafiya mai nisa. Tun cikin shekarun 1950 a ke koyar da shi a Zariya, a kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Bayan an kafa Jihar Kebbi a 1991 abin ya matso kusa. A 2006 Gwamnatin Jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo, kuma tana da tsangayar aikin injiniya. Har wa yau akwai Foliteknik ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Ashe ke nan yaron Sarandosa ba nisan makaranta ke hana shi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙetare ƙofofin da aka sa kafin shiga.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO, ko kuwa ta NABTEB ga 'yan makarantun koyon sana'a. Ana bukatar yaro ya sami kiredit biyar, a cikinsu lalle a sami Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Yawancin makarantu suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, waɗansu kuwa ba su karɓa sai na zama ɗaya. Wanda ya rasa kiredit a ɗaya daga cikin huɗun nan, kome yawan makin da ya samu a gaba, ba za a ɗauke shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya shiga jami'o'i. A 2010 aka mayar da ita jarrabawa guda ga masu neman jami'a da foliteknik da kwalejin horon malamai, tun daga 2015 kuma da kwamfuta kaɗai a ke yin ta. Mai neman injiniya fanni huɗu zai ɗauka: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran ukun. Kowane fanni maki 100 ne, jimla 400. Lokacin da a ke bayarwa awa biyu ne. Kowace tambaya tana zuwa da amsoshi huɗu, yaro ya zaɓi ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta. Waɗansu suna sake yin 'yar jarrabawa, waɗansu kuwa suna haɗa makin JAMB ne da darajar sakamakon sakandare su fitar da jimla. Saboda haka kiredit mai ƙarfi ya fi kiredit na bakin gaɓa amfani, ko da ya ke duka sunansu kiredit.

Ya kamata a lura da wani abu da ke ruɗa iyaye. Kowace shekara ana sanar da mafi ƙarancin makin da za a iya ɗaukar yaro da shi. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 kuma 150. To, wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowace tsangaya ma tana da nata, na injiniya kuwa yana cikin masu tsawo, domin masu nema sun fi guraben yawa. Kada uba ya ji ɗansa ya haye 150 ya ɗauka magana ta ƙare.

Lissafin da ya kamata kowa ya sani

A 2024 yara sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas aka fitar wa sakamakon jarrabawar JAMB a Nijeriya duka. Kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka kai 250 ba su wuce kashi 4 da ɗan ɗoriya ba, waɗanda suka kai 300 kuwa su 8,401 ne kacal. Ma'anar wannan ita ce, haziƙan da a ke tsoro ba su da yawan da za su cike guraben ƙasar nan. Ainihin gasar tsakanin matsakaita ta ke, su da junansu, kuma wanda ya fi shiri a cikinsu shi ke wucewa.

Ga misali. A ce yaro ya saba samun maki 180. In aka raba maki daidai a kan tambayoyi, watau ya kan ci 18 cikin 40 a Lissafi, haka a Fiziks, haka a Kemistiri, ya kuma ci 27 cikin 60 a Turanci. In ana so ya kai 240, sai ya ci 24 cikin 40 a fannonin nan uku, da 36 cikin 60 a Turanci. Bambancin duka tambaya shida ne a kowane fannin kimiyya, da tara a Turanci. Ko a 240 ɗin ma, yaron ya faɗi tambaya 16 cikin kowace 40. Ba a ce sai ya san kome ba. An ce ya ƙara kaɗan a kan abin da ya riga ya sani.

Sai a duba lokaci. In yaro ya yi karatun awa biyu kullum, kwana shida a mako, daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Maris, watau mako 26, ya tara awa 312. In aka raba su huɗu, kowane fanni ya sami awa 78. Ashe kowace tambaya ɗaya daga cikin shidan nan da a ke nema tana da awa 13 na shiri. Wannan ba ya fi ƙarfin yaro mai lafiya da hankali. Abin da ke da wuya shi ne a sami awa biyun nan kullum ba fashi, a gidan da a ke bukatar hannunsa a gona.

Yadda za a raba shekara

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An saba buɗe rajistar JAMB a farkon shekara, a yi jarrabawa wajen watan Afrilu, sa'an nan ta WAEC ta biyo baya wajen Mayu da Yuni, ta NECO kuma wajen Yuni da Yuli. Wanda ya bari sai an buɗe rajista kana ya ɗauki littafi, ya riga ya makara.

Daga Oktoba zuwa Disamba lokacin gyaran tushe ne. Hukumar JAMB tana fitar da manhajar kowane fanni, ana samunta kyauta a intanet. A buga ta a takarda, yaro ya zauna da malaminsa su bi ta ɗaya bayan ɗaya, su kasa darussan kashi uku: waɗanda ya iya, waɗanda ya sani sama-sama, da waɗanda bai taɓa ganewa ba. A nan ne yawancin yara ke kuskure. Wani ya kan ɓata watanni yana maimaita abin da ya iya domin yana masa daɗi, wani kuma ya kan kafe a kan darasi mafi wuya har ransa ya ɓaci ya ajiye littafin. Ribar yaro matsakaici tana cikin kashi na tsakiya, abin da ya sani sama-sama, domin shi ne ƙaramin aiki ke mayarwa maki.

Daga Janairu zuwa Fabrairu lokacin tambayoyin shekarun baya ne, darasi bayan darasi. Daga Maris zuwa ranar jarrabawa kuwa, sau ɗaya a mako yaro ya zauna ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, da agogo a gabansa, ba tashi ba tambaya. Sauran kwanakin makon ya bi abin da ya faɗi.

Yadda a ke karatun

Karatun allo ya koya wa yaran ƙasar nan abu biyu masu amfani ƙwarai, watau tilawa da naci. Mai hadda ya san cewa abin da ba a maimaita ba gudu ya ke yi, kuma in ana so a san ko ya zauna sai a kife allo a kawo shi da ka. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan a 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, kuma bita da a ke rarrabawa cikin kwanaki ta fi wadda a ke tarawa a zama ɗaya. Saboda haka darasin da aka koya yau a waiwaye shi gobe, a sake bayan mako, a sake bayan wata, kuma kowane karo a rufe littafi a gwada kai.

Sai dai hadda kaɗai ba ta isa a nan, domin mai shirya tambaya ya kan sauya lambobi ya juya magana. Dole yaro ya gane dalilin kowace ƙa'ida, hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ya ɗora ta a kan abin da ya ke gani kullum.

A Lissafi, alal misali, tankin ruwa mai da'ira wanda faɗinsa mita 2 ne, tsawonsa ma mita 2, zai ci kimanin lita 6,280, watau jarka 314 mai lita 20. Yaron da ya auna tankin rijiyar burtsatse ta garinsu da igiya ya fitar da wannan da hannunsa, ba zai sake manta ƙa'idar ba. Kuma kafin a kai ga manyan darussa a tabbata ya ƙware a ƙananan: kasafi, kashi cikin ɗari, juya ƙa'ida a fitar da abin da ba a sani ba, da alamun ƙari da ragi. Da yawa daga cikin makin da matsakaici ke zubarwa a Fiziks da Kemistiri, a gaskiya a nan ya ke zubar da su.

A Fiziks, wanda ya jawo ruwa lita 20, watau kilo 20, daga rijiya mai zurfin mita 10, ya yi aikin da ya kai kimanin jul 2,000. In injin ya ɗago wannan ruwa cikin sakan 10, ƙarfin da ya bayar wat 200 ne. Darussa biyu ke nan na manhaja, aiki da ƙarfi, a bakin rijiya ɗaya. A kuma horar da yaro ya riƙa duba ma'auni kafin ya fara lissafi, ko santimita aka ba shi ko mita, ko giram ko kilo, domin a cikin amsoshi huɗun nan a kan sa wadda mai gaggawa zai samu in ya manta wannan.

A Kemistiri, buhun takin yuriya da kowane manomi ya sani an rubuta 46 a jikinsa. Nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, na sinadarin naitirojin da ke cikinta 28, in aka raba kuwa sai a sami kashi 46 da 'yan kai cikin 100. Watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na abin da shuka ke bukata. Yaron da ya gane wannan ya kama bakin zaren darasin da ya fi ba yara tsoro a wannan fanni.

Turanci kuwa shi ne babban ramin yaran karkara, domin ba makinsa 100 kaɗai ke hannunsa ba, da shi a ke rubuta tambayoyin sauran ukun. Sau da yawa yaro ya san amsa amma bai gane abin da aka tambaye shi ba. Maganin wannan karatu ne kullum, ko da shafi biyu ne na jarida ko littafi, da rubuta sababbin kalmomi, da sauraron labarun Turanci a rediyo. Hukumar tana kuma sa wani ɗan littafin labari da a ke fitar da tambayoyi daga cikinsa. A karanta shi duka, sau biyu in da hali, domin makinsa na cikin mafi sauƙin samu.

Akwai abu guda da ya fi dukan waɗannan amfani, shi ne littafin kurakurai. Yaro ya sami littafin rubutu ɗaya, duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta, ya rubuta dalilin faɗuwar a gefe: ko bai san darasin ba, ko ya yi kuskuren lissafi, ko bai fahimci Turancin ba, ko lokaci ne ya ƙare masa. Bayan wata ɗaya littafin zai nuna inda ciwon ya ke. Ko uban da bai yi boko ba yana iya sa a ƙirga masa wane dalili ya fi yawa.

Kwamfuta da agogo

Minti 120 a kan tambayoyi 180, kowace tambaya sakan 40 ke nan. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ɓata minti goma na farko cikin rawar jiki, minti goman nan kuwa tambaya 15 ne. Ba a bukatar ƙwarewa mai yawa; 'yan maɓallai kaɗan ne, huɗu na zaɓen amsa, da na gaba, da na baya, da na miƙa aiki. Amma lalle ya taɓa su kafin ranar. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji ga wanda ya nema tun lokacin rajista. Ga yaron ƙauye wannan gwaji ya cancanci kuɗinsa da kuɗin motarsa.

A gaya wa yaro ya fara da fannin da ya fi iyawa, ya tsallake duk tambayar da ta tsaya masa ya dawo mata daga baya. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka kada ya bar ko ɗaya ba amsa. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da wayar hannu ko agogo ko na'urar lissafi. Akwai 'yar na'urar lissafi a jikin kwamfutar.

Aikin Hakimi da Dagaci

Na farko shi ne lokaci. Watannin shirin nan sun zo daidai da kaka, sa'an nan da aikin albasa da shinkafar rani. Uba ba ya ƙin ci gaban ɗansa, amma ban ruwa ba ya jira. Maganar Hakimi ko Dagaci ita ce za ta sa uba ya yarda ya saki yaro awa biyu kullum har wata shida, ko bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Haka kuma 'yan mata, waɗanda aikin gida da talla ke cinye musu yini. Ƙa'idar shiga ɗaya ce ga mace da namiji, kuma babu abin da ya hana 'ya mace zama injiniya.

Na biyu shi ne wuri da haske. Aji ɗaya na makarantar firamare, ko zauren Dagaci, da fitila mai aiki da hasken rana, sun isa yara biyar ko shida su haɗu. Kada ƙungiyar ta fi haka yawa, domin sai ta koma hira. Kowane yaro a ba shi darasin da zai koya wa 'yan'uwansa, gama wanda ya koyar ya fi wanda ya saurara riƙewa.

Na uku shi ne malami. Ɗaliban jami'ar Aliero da na foliteknik 'yan asalin gari suna dawowa hutu, akwai kuma masu yi wa ƙasa hidima da a ke turowa makarantu. In Hakimi ya kira su ya roƙe su yini ɗaya a mako, da wuya su ƙi. Littattafan tambayoyin baya kuma a saya saiti ɗaya na gari, a ajiye wurin magatakarda, a riƙa ara ana mayarwa.

Aikin magatakarda

Yaro na iya cin jarrabawa sarai, takarda ta ka da shi. Tun daga 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ke kanta da ranar haihuwa su ne za su bi yaro har ya gama jami'a. Magatakarda ya buɗe rajista ta 'yan ajin ƙarshe na sakandare da ke ƙasarsa tun watan Oktoba, ya gwada abin da ke kan NIN da abin da makaranta ta aika wa WAEC ko NECO. A duba rubutun suna harafi bayan harafi, domin Muhammad da Mohammed a wurin kwamfuta mutum biyu ne. A duba jerin sunaye, wanne ne na yaro, wanne ne na uba. Gyara yana ɗaukar makonni, saboda haka a fara shi da wuri. A kuma sani cewa ƙa'idar da aka tsayar a 2025 ita ce sai yaro ya cika shekara 16 a ke ba shi gurbi.

Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda a kan fara neman ta daga wurin Mai Unguwa da Dagaci da Hakimi, a shirya ta tun kafin a bukace ta. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta zama ta yaron ce ko ta gidansu, a kuma adana layin, domin ta nan saƙonni ke zuwa. Rajista a cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai a ke yi, kuma yaro ya je da kansa, gama ana ɗaukar hoton yatsunsa. 'Yan mata su guji ƙunshi a yatsu gab da rajista da gab da jarrabawa, domin lalle yana hana na'ura gane yatsa. In cibiyar jarrabawa tana da nisa, yaro ya kwana a garin, kada a dogara ga motar asuba.

Bayan sakamako ya fito aiki bai ƙare ba. Tun daga 2017 duk gurbin da aka ba yaro ta tsarin hukumar da a ke kira CAPS ya ke fitowa, kuma sai yaro ya shiga ya karɓa da kansa. Dole kuma a ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can. Gurbin da aka bayar ta bayan wannan tsari ba shi da inganci.

Zaɓen makaranta

Jami'o'in Tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin zamani, Kebbi kuwa tana cikinsu. Jami'ar Jiha ita ma ta fi ba 'yan jiharta fifiko. Saboda haka yaro matsakaici ya sa makarantar da ƙasarsa ke da rabo a cikinta a zaɓinsa na farko, kada ya bi suna ya nemi wadda ke can nesa inda zai yi gasa da ƙasa duka. A kuma duba littafin bayanin hukumar, a tabbata makarantar tana koyar da irin injiniyan da ya ke so. Ba dukan rassa ke da cunkoso ɗaya ba. Injiniyan aikin gona da ban ruwa, alal misali, bai cika samun masu nema kamar na lantarki ko na gine-gine ba, alhali kuwa ƙasar noma irin wannan tana matuƙar bukatarsa.

In yaro bai samu ba

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ana iya sake zama a shekara mai zuwa, kuma wanda ya riƙe littafin kurakuransa ba daga farko zai fara ba. Ban da wannan akwai hanyoyi biyu. Ta farko foliteknik, inda mafi ƙarancin makin shiga ya kasance 100 a 2024 da 2025: shekara biyu a sami ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, sa'an nan ko a ci gaba zuwa babbar difloma, ko kuwa mai sakamako mai kyau ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ta biyu ita ce karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, shi ma yana kai yaro aji biyu. Digirin injiniya shekara biyar ne. Jinkirin shekara ɗaya ko biyu ba hasara ba ne a kan aikin da mutum zai yi har tsufansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi

Kowace shekara a kan sami mayaudara masu cewa za su sayar da amsoshi, ko su ƙara wa yaro maki, ko su zauna masa. Hakimai su sa a yi shela a kasuwanni da masallatai cewa duk wannan ƙarya ce da cin dukiyar talakawa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri ga mai yi da mai taimaka masa, hukumar kuma tana soke sakamakon wanda aka kama. Ko da ma yaro ya tsira da maguɗi, Lissafin shekarar farko ta jami'a zai tona shi, uba ya yi hasarar kuɗinsa. Gadar da irin wannan zai gina kuwa, jama'a ce za ta bi ta kanta.

Abin da a ke roƙo

Ana roƙon kowane Hakimi ya tara Dagatansa da shugabannin makarantun sakandare na ƙasarsa kafin ƙarshen watan Satumba, a rubuta sunayen yaran da ke ajin kimiyya na ƙarshe, maza da mata, ba tare da an tsame na gaba kaɗai ba. A kira iyayensu a yi magana a kan awa biyun nan. A ba magatakarda umurnin duba takardu, ya kawo rahoto a ƙarshen Disamba, ya sake kawowa bayan an rufe rajista. Shugabannin makarantu kuma su riƙa sanar da Hakimi makin da yaran ke samu a gwajin mako-mako, domin a san wanda ya ke bukatar ƙarin taimako tun da sauran lokaci.

Allah ya taimaki Sarakuna, ya ba yara sa'a, ya amfani ƙasa da iliminsu.